Kwaltar Gadarif da Sawun Alhazai

Duk wanda ya bar Wad Madani a ƙasar Sudan ya haye gadar Hantub a kan Shuɗin Nilu, ya fuskanci gabas, zai yi tafiyar kilomita fiye da 200 cikin fili shimfiɗaɗɗe, dawa dama riɗi hagu, kafin ya hango Gadarif, garin da a dā ake kira Kasuwar Abu Sin. Amma tun kafin a san kwalta, sawun Hausawa ya riga ya san wannan ƙasa, domin ta nan mutanenmu da yawa suka riƙa ratsawa da niyyar sauke farali, musamman bayan waƙi'ar Burmi ta 1903, sa'ad da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago damina ɗaya, ɗaya ta zama goma, har aka haifi 'ya'ya da jikoki a nan.

Arzikin Gadarif da wahalarta duk abu guda ne, wato baƙar laka. Da rani takan dare har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina kuwa takan riƙe tayar lori kamar danƙo, direba da yaran mota su kwana suna tono, buhunan dawa na jiƙewa a sama. Jirgin ƙasa ya iso a 1928, aka kuma fara noma da tarakta a Gadambaliya wajen 1945, amfanin gona ya yi albarkar da ta fi ƙarfin dogo.

A zamanin Shugaba Ja'afar Numairi ne, cikin shekarun 1970, ma'aikata daga ƙasar Sin suka shimfiɗa kwalta daga Madani zuwa Gadarif, aka ci gaba da aikin ta Kasala har ya haɗe da Port Sudan a 1980, ta yadda riɗin da aka yanka a nan yake isa bakin Bahar Maliya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Da fitina ta faɗa wa Madani a Disambar 2023, dubban mutane suka gudu zuwa Gadarif, suka sauka a makarantu da gidajen jama'a, a garin da jikokin alhazan dā suke cikin masu masaukin baƙi.