Masu Saitin Waya a Kebbe

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma ta daɗe tana yawo a birane kafin ta leƙo mu a Kebbe. Da ta iso, kira kawai muka san ana yi da ita. Intanet daga baya ya biyo, a cikin ƙananan Nokia masu maɓalli, kuma ba ya buɗewa sai an shigar wa waya saitin kamfani, harafi bayan harafi. Ka kuskure ɗigo ɗaya, ko Opera Mini ba za ta motsa ba.

Nan sana'ar ta samo asali. Yaron rumfar caji, mai ɗan janareta a bakin kasuwa, shi ya haddace saitin kowane layi. Na san wani da yake rubuta su a bayan littafin bashi, ba ya yarda kowa ya leƙa. Kamfanoni kuwa ba su bar shi da yunwa ba. Layi guda ya tashi daga Econet ya koma Vmobile, ya zama Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. Duk ranar da wani kamfani ya taɓa saitinsa, washegari rumfa ta cika.

Aikin yana da tsari. A kashe waya, a cire batir, a goge layi da gefen riga, a duba ko data ce ta ƙare. Sai duk wannan ya gaza ake taɓa saiti. Dattijo zai ce, "Yaro, wayar nan ta lalace." Shi kuma ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau, daga can ne." A ganina wannan ce gwanintar: rarrabe ciwon waya da na kamfani.

Manyan wayoyi masu karɓar saiti da kansu suka fara rage masa ciniki. Sannan aka shiga matsalolin da ba su da magani a rumfa. A Satumban 2021 aka rufe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka biyo da ƙananan hukumomi 14 na jiharmu ta Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. A Afrilun 2022 kuma aka hana kira daga layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba.

Yaran rumfa suka koma haɗa wa mutane layi da NIN, wasu suka sayi na'urar POS suna ba da kuɗi.