BABI NA UKU: TARIHIN TSARA HANYOYIN SADARWAR KWAMFUTA DOMIN KASUWANCI A ƘASAR GUMEL

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda hanyoyin sadarwa na zamani suka shigo ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da duba yadda aka tsara su da kuma irin buƙatar kasuwancin da aka yi nufin su biya. Abin da ake nufi da hanyar sadarwar kwamfuta a nan shi ne haɗa na'urori biyu ko fiye, ta waya ko ta iska, domin su riƙa musayar bayanai a tsakaninsu. Na'urar tana iya zama kwamfutar ofis, ko wayar salula, ko 'yar na'urar nan ta POS da ake cirar kuɗi da ita a kasuwa. An kasa tarihin zuwa zamani huɗu, sa'annan aka fito da darussan da mai tsara irin wannan hanya zai koya daga gare su.

3.1 Zamanin Dogo da Wayar Tangaraho

Kafin zuwan Turawa, labarin kasuwa a ƙasar Gumel yana tafiya ne a bakin fatake da 'yan aike. Madugu ba ya sanin farashin kanwa ko na shanu a Kano sai ya haɗu da ayarin da ya fito daga can. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, Gumel ta shiga ƙarƙashin mulkinsu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga baya kuma aka ja reshe daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Wannan reshe ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, kuma shi ne ya sa aka sami tasha a Gagarawa.

Abin lura a nan shi ne, dogo ba ya aiki sai da waya, domin shugaban tasha ba zai saki jirgi ba sai ya sami tabbaci daga tasha ta gaba cewa hanya a buɗe take. Don haka aka ja wayar tangaraho a gefen dogo, tasha zuwa tasha. Wannan hanyar sadarwa ce mai amfani da lantarki da ta ratsa wannan yanki. Tsarinta layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma buƙatar da ta haifar da ita a fili take, wato kwashe gyaɗa da fatu da ƙiraga zuwa Kano, daga nan zuwa bakin teku. Garuruwan da ba su kan dogo, irin su Maigatari da Sule Tankarkar, ba su shiga cikin wannan tsari ba, ko da yake daga gonakinsu ne wani ɓangare na kayan yake fitowa. Har ila yau, idan waya ta tsinke a wuri ɗaya, duk tashoshin da ke gaba sun yanke ke nan.

3.2 Zamanin Wayar Tarho ta Gwamnati

Bayan samun 'yancin kai, harkar waya ta ci gaba da zama a hannun gwamnatin tarayya. A 1985 aka kafa kamfanin NITEL, wanda ya riƙe wayar cikin gida da ta ƙetare. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, sabuwar jihar ta gaji layukan waya 'yan kaɗan, mafi yawansu a ofisoshin gwamnati da gidajen manya a cikin birane. Ko a Nijeriya baki ɗaya, layukan da ke aiki kafin 2001 ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma fiye da miliyan 100.

Wannan ƙarancin ya shafi kasuwanci kai tsaye. Bankunan wancan lokaci kowane reshe yana riƙe da littattafansa, saboda haka wanda ya ajiye kuɗi a Kano ba zai iya cirarsu nan take a Gumel ba. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kudu domin sayen shanu a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tilas ne ya ɗauko kuɗinsa a jaka ko a lalita, ya yi tafiyar kwana da kwanaki da su, yana fargabar 'yan fashi. Ke nan buƙatar haɗa na'urori tana nan tun kafin a sami na'urorin.

3.3 Yunƙurin Gwamnatin Jigawa, 1999 zuwa 2007

A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, Jihar Jigawa ta yi fice wajen rungumar fasahar kwamfuta tun sauran jihohi ba su farga ba. An kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure a 2001 tare da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Singafo, aka kuma kafa kamfanin Galaxy domin samar da intanet a jihar. A daidai wannan zamani ne aka keɓe yankin ciniki maras haraji a Maigatari, da nufin jawo masu masana'antu zuwa bakin iyaka. Daga bisani, a 2006, gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone domin haɗa ma'aikatunta a kan hanyar sadarwa guda.

Da yake babu wayar ƙarƙashin ƙasa a yankin a wancan lokaci, fasahar da ta fi sauƙin samuwa ita ce tauraron ɗan'adam, sai kuma turakun da ke aika saƙo ta iska daga wannan gari zuwa wancan. Amfanin tauraron shi ne ana iya kafa faranti a ko'ina, ko da a tsakiyar daji ne. Illarsa kuwa biyu ce. Ta farko, irin wannan tauraro yana da nisan kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, saboda haka kafin saƙo ya je amsa ta dawo akan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa. Ta biyu, kuɗin hayarsa da dala ake biya a kowane wata. Bugu da ƙari, kowace na'ura tana buƙatar wutar lantarki ba yankewa, abin da ke nufin janareta da man dizal da ma'aikacin da zai kula da su. Hausawa suna cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: hanyar da aka gina da kuɗin gwamnati, idan ba ta da masu biyan kuɗin amfani da ita a kai a kai, ɗorewarta tana rataye ne a kan kasafin kuɗin kowace shekara da ra'ayin wanda ke kan mulki.

3.4 Wayar Salula da Na'urar POS

Canjin da ya taɓa talaka ya zo ne ta wata kafa dabam. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ya biyo baya a 2003. Kamfanonin sun fara ne da manyan birane, sa'annan suka riƙa bin manyan hanyoyi da kasuwanni suna kafa turaku, domin inda jama'a suka taru nan riba take. Ta haka dillalin riɗi ko na zoɓo ya sami damar jin farashin kasuwar Dawanau ta Kano kafin ya taya kayan manomi, shi ma manomin ya sami damar bincikawa kafin ya sallama.

A ɓangaren bankuna kuwa, garambawul ɗin 2004 zuwa 2005 ya rage yawansu daga 89 zuwa 25, kuma waɗanda suka saura sun haɗa rassansu da babbar na'ura guda mai ajiye bayanan masu ajiya. Irin wannan tsari ya yi kama da murhu da rassan itacen da ke kewaye da shi, kowane reshe yana fuskantar tsakiya. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Ikko a 2012, ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, aka kuma ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga masu POS, waɗanda suka zama tamkar rassan banki a ƙarƙashin rumfa a garuruwan da banki bai taɓa buɗe reshe ba. Idan aka sa kati a na'urar, saƙo yana bi ta turken salula mafi kusa, ya wuce zuwa cibiyar da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai katin, sa'annan amsa ta dawo. Duk inda aka sami tsaiko a wannan sarƙa, ciniki ya tsaya.

Raunin sarƙar ya bayyana a fili a farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Hanyoyin ba su ɗauki wannan nauyi ba. A kasuwannin Arewa an riƙa cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba, makiyaya da yawa kuma ba su da asusun banki, balle su karɓi kuɗin dabbarsu ta waya. Al'amarin ya fara sauƙi ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, 2023, wanda ya tsawaita amfani da tsofaffin takardun.

3.5 Darussa ga Mai Tsarawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fito da abubuwa huɗu da ya wajaba mai tsara hanyar sadarwa a wannan yanki ya yi la'akari da su. Na farko shi ne auna buƙata da ranar da ta fi cika. Turken da ya ishi Maigatari ranar Litinin ba lalle ne ya ishe ta ranar Alhamis ba, lokacin da dubban mutane daga Nijeriya da Nijar ke neman layi a lokaci guda. Na biyu shi ne tanadar hanya ta biyu. Layi ɗaya irin na tangaraho yana mutuwa da yanka ɗaya, amma idan aka ja wayar faiba ta zagaya kamar zobe, saƙo yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Ƙananan 'yan kasuwa sun gano wannan da kansu, shi ya sa mai POS yake riƙe layukan kamfanoni biyu ko uku. Na uku shi ne wutar lantarki, inda hasken rana, wanda yankin ke da shi a wadace, ya fi janareta sauƙin ɗawainiya. Na huɗu shi ne matsayin yankin na bakin iyaka. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kuma Maigatari tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disamba na 2020, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda zai zuba jari a nan dole ya yi lissafi da irin wannan hawa da sauka na ciniki.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kowace hanyar sadarwa da ta shigo ƙasar Gumel ta ɗauki siffar buƙatar wanda ya gina ta. Tangaraho ya bi gyaɗa, tarho ya bi ofisoshin gwamnati, wayar salula kuma ta bi kasuwa, kuma ita ce ta fi yaɗuwa domin masu amfani da ita su ne ke biyan kuɗin riƙe ta. Yankin masana'antun da gwamnatin jiha ta keɓe a Gagarawa da yankin ciniki na Maigatari duka suna buƙatar hanyar da ba ta yankewa kafin mai jari ya amince ya kafa masana'anta. Babi na huɗu zai duba kalmomin da 'yan kasuwar yankin suka ara ko suka ƙirƙira a wannan fage.