Kung fu da MMA: mi ya sa “jikin ƙarfe” ba ya wadatarwa a fagen dambe?

Tun shekara ta 2017 a ke tafka wata muhawara a ƙasar Sin wadda ta wuce batun wasa. Tambayar ita ce: mutumin da ya share shekaru 20 yana taurara hannu da ƙirji bisa tsarin kung fu na gargajiya, zai iya tsayawa gaban ɗan wasan MMA na zamani? Amsar ta shafi martabar al'adar da Sinawa ke tinƙaho da ita, ta shafi makarantu masu ci da wannan suna, ta kuma shafi lafiyar matasan da ke kwaikwayon abin da su ka gani a fim ko a salula.

Mi a ke nufi da kung fu?

A harshen Sinanci, kung fu na nufin ƙwarewar da mutum ya samu ta hanyar haƙuri da tsawon lokaci, ko a girki ne, ko a rubutu, ko a faɗa. Sunan da hukuma ke amfani da shi ga fasahar faɗa shi ne wushu. Salon yana da rassa da yawa. Daga cikin waɗanda su ka fi shahara akwai na gidan ibadar Shaolin da ke jahar Henan, wanda a ka kafa a ƙarshen ƙarni na 5, da wing chun na kudancin ƙasar, wanda Bruce Lee ya koya a hannun Ip Man a Hong Kong, sai taici mai motsi a hankali, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin kayan gadon al'adun duniya a 2020.

Fina-finai ne su ka kai sunan kung fu ko'ina. Na Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, da fim ɗin Shaolin na 1982 da ya fito da Jet Li, su ne su ka dasa wa duniya hoton jarumin da ke fasa bulo da tafin hannu.

Yadda a ke gina “jikin ƙarfe”

Horon taurara jiki yana da matakai, kuma malaman gargajiya na cewa gaggawa ce ke lalata shi.

“Tafin ƙarfe” shi ne mafi shahara. Ɗalibi na dukan wata ƴar jaka kullum da tafi, da bayan hannu, da gefen hannu. Da farko a kan cika jakar da wake, daga baya tsakuwa, a ƙarshe ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Bayan kowane zama a kan shafa wani ruwan magani na saiwoyi don rage kumburi.

“Rigar ƙarfe” kuwa ta shafi ƙirji, da ciki, da haƙarƙari. Ɗalibi na koyon ɗaure tsoka da sarrafa numfashi daidai lokacin da duka zai sauka, ana bugun sa da hannu, sannan da damin sanduna.

Akwai tsayuwar doki, inda mutum ke buɗe ƙafafu ya rage tsawo kamar mai zama kan kujerar da babu ita, ya daɗe a haka don ƙarfafa cinya da ƙugu. Akwai haɗa damtse da damtse tsakanin ɗalibai biyu, da ɗaga dutse mai mariƙi, da mutum-mutumin katako na ƴan wing chun. Kan waɗannan duka sai jerin motsi da a ke haddacewa, wanda a ke kira taolu, mutum na yin sa shi kaɗai ba tare da abokin gaba ba.

Abin da horon ke iyawa, da inda ya tsaya

Wani ɓangare na wannan horo yana da tushe a ilimin likita. A 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na sake ginuwa gwargwadon nauyin da a ke ɗora masa a kai a kai. Fata ma na yin kanta, mutum kuma na sabawa da zafi har ya daina firgita idan duka ya same shi. Wanda ya iya ɗaure ciki a kan kari ya fi wanda bai iya ba jure naushi.

Sai dai akwai iyaka. Hannu da wuyan hannu na ɗauke da ƙananan ƙasusuwa 27, kuma dukan abu mai tauri na tsawon shekaru kan jawo tsagewar ƙashi da ciwon gaɓoɓi. Rashin jin zafi ba ya nufin babu rauni. Uwa uba, ba a taurara ƙwaƙwalwa. Idan naushi ya sami haɓa, kai ya juya da ƙarfi, ƙwaƙwalwa na girgiza cikin ƙoƙon kai, mutum ya faɗi sumamme ko da ƙirjinsa dutse ne. Haka ma shaƙe wuya: idan a ka matse jijiyoyin da ke kai jini zuwa kai, cikin ƴan daƙiƙu mutum ke fita hayyacinsa.

Akwai kuma bambanci tsakanin nuni da faɗa. Mai fasa bulo shi ke zaɓen bulon, shi ke aje shi yadda ya ke so, shi ke zaɓen lokacin bugu. Abokin karo ba ya tsayawa wuri guda, kuma yana ramawa.

Tarihin Sin ya taɓa biyan wannan darasi da tsada. A boren da a ka yi tsakanin 1899 da 1901, wanda Turawa su ka laƙaba wa sunan boren ƴan dambe, dubban matasan karkara sun yi imani cewa horo da tsafi za su hana harsashi shiga jikinsu. Bindiga ba ta saurare su ba. Mai karatu da ya san ƴan tauri zai gane irin wannan imani. Tun kafin nan, a ƙarni na 16, wani babban hafsan sojan daular Ming, Qi Jiguang, ya soki salon da ke da kyan kallo amma ba ya amfani a fagen yaƙi.

MMA: asali da tsarin horo

MMA gajarcen suna ne na Ingilishi da ke nufin gaurayen salon faɗa. An yarda a yi naushi, da shuri, da gwiwa, da kayarwa, da murɗe gaɓa, da shaƙewa. Tushensa na kusa shi ne karon da a ke kira vale tudo a Brazil. Gasar UFC ta farko ta gudana ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka, inda Royce Gracie, ɗan Brazil marar girman jiki, ya lashe ta ta hanyar kai abokan karo ƙasa ya tilasta masu sallamawa. Daga farkon shekarun 2000 a ka tsara dokoki: rukunin nauyi, turmi uku na minti biyar-biyar, turmi biyar idan karon kambu ne, da haramcin cizo, tsokane ido da duka a ƙeya.

Ɗan wasan MMA na haɗa damben zamani, damben ƙasar Tailan, kokowa da jiu-jitsu na Brazil. Shi ma yana taurara ƙwauri a kan buhun horo, yana ɗaga ƙarfe, yana gudu. Abin da ya bambanta shi shi ne gwaji da abokin horo mai turjiya, mako bayan mako. A nan ne ya ke koyon auna tazara, da kare kai, da ci gaba da tunani alhali numfashi na neman ƙarewa. Dabarar da ba ta yi aiki a gwaji ba, a kan watsar da ita ko wane ne ya ƙirƙiro ta. Ɗan kokowar da ke shirin gasar takobi ya san wannan: ba a koyon kaye sai da wanda ba ya son faɗuwa.

MMA ma na da nasa haɗari. Anderson Silva ya karya ƙwauri a 2013 lokacin da ya kai shuri a ka tare, Conor McGregor ma ƙafarsa ta karye a 2021. Yawan shan duka a kai na barazana ga ƙwaƙwalwa, rage nauyi da gaggawa kafin awo na wahalar da ƙoda.

Karon da ya tada ƙura

A watan Afrilu na 2017, a birnin Chengdu, wani mai horar da ƴan MMA daga Beijing, Xu Xiaodong, ya kara da Wei Lei, mai kiran kansa malamin taici. Karon bai kai rabin minti ba Wei ya kwanta. Bidiyon ya bazu a intanet, ƙungiyar wushu ta ƙasa ta yi tir da abin. Xu ya ce ƴan damfara ya ke farauta, masu karɓar kuɗin mutane da sunan ƙarfin ɓoye. Ya sake doke wasu, har da masu wing chun.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. A 2019 kotu ta same shi da laifin ɓata sunan fitaccen malamin taici Chen Xiaowang, ta umarce shi ya biya diyya ya nemi afuwa a bainar jama'a, an kuma hana shi shiga jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri na wani lokaci. A watan Mayu na 2020 wani dattijo mai suna Ma Baoguo, da ke iƙirarin ƙwarewa a taici, ya sha ƙasa sau uku cikin kimanin daƙiƙa 30 a hannun wani da ba sana'arsa ce faɗa ba. A wannan shekarar ƙungiyar wushu ta yi kira ga masu koyarwa su daina naɗa wa kansu laƙabin babban malami.

Kung fu mai gwaji

Waɗannan karo ba su nuna cewa Sin ba ta da mayaƙa ba. Bayan 1949 hukuma ta mayar da wushu wasan nuni, inda alƙalai ke ba da maki kan kyan motsi. Daga 1979 a ka fara farfaɗo da karo na gaske a ƙarƙashin sunan sanda, kalmar Sinanci da ba ta da alaƙa da sandar makiyayi. Sanda na haɗa naushi, shuri da kayarwa a kan dandamali. Zhang Weili, wadda ta taso a wannan fanni kafin ta koma MMA, ta doke Jessica Andrade cikin daƙiƙa 42 a Shenzhen ranar 31 ga Agusta 2019, ta zama ta farko daga Sin da ta riƙe kambun UFC. Abin da ya raba ta da Wei Lei shi ne irin horon da kowannensu ya yi, tun da ƙasarsu ɗaya.

Ga mai son koyo

Zaɓi ya danganta da abin da mutum ke nema. Taici da taolu na amfani wajen daidaita tsayuwa, sassauta gaɓoɓi da natsuwa, kuma mutum na iya yin su har tsufa. An ma saka wushu cikin wasannin Olampik na matasa na Dakar 2026. Mai neman kare kai ko shiga gasa kuwa, sai ya dubi makarantar da a ke gwaji da safar hannu da kariyar haƙori, ƙarƙashin idon mai horarwa.

Alamomi uku na isa a gane malamin da ya kamata a guje wa: wanda ke cewa dabararsa ta yi haɗarin da ba a gwada ta, wanda ke alƙawarin jiki zai daina jin ƙarfe, da wanda ke sa yara dukan bango ko bulo alhali ƙasusuwansu ba su gama ƙosawa ba. Kuma duk wanda ya suma ko ya ji jiri bayan duka a kai, likita zai gani kafin ya sake shiga fili.