Samuel Johnson, limamin cocin da ya rubuta tarihin Yarbawa

A filinmu na tarihi yau mun ɗauko Samuel Johnson, limamin Kirista na ɗariƙar Angilikan. Littafinsa kan tarihin Yarbawa ya haura shekara ɗari da fitowa, kuma har gobe masu binciken tarihin ƙasar Yarbawa da shi suke farawa. Mu ma akwai ruwanmu a ciki, don sunan Gobir ya fito tun a babin da ke bayanin asalin Yarbawa.

An haifi Samuel Johnson ran 24 ga watan Yuni 1846 a garin Hastings, kusa da Firitawun ta ƙasar Saliyo. Iyayensa, Henry da Sarah, Yarbawa ne da aka kama bayi, jiragen ruwan Ingila suka ƙwato su a teku, aka sauke su Saliyo. Irin waɗannan mutane su ne ake kira Saro bayan sun koma gida. Gidansu na danganta kansa da zuriyar Alafin Abiodun, sarkin Oyo. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, mahaifinsa ya kwashe iyali zuwa Ibadan, wato Badun a bakin fatakenmu, don yin aiki tare da wani ɗan mishan Bajamushe, David Hinderer, na ƙungiyar CMS.

Samuel ya yi karatu a makarantar horar da malamai ta CMS da ke Abekuta. Da ya gama sai ya dawo Badun yana koyarwa, daga baya ya zama mai wa'azi a cocin unguwar Aremo. An naɗa shi cikakken limamin coci a 1888, kuma a garin Oyo ya yi sauran aikinsa. Wansa Henry da wani ɗan'uwansa Nathaniel su ma limaman coci ne, ƙanensu Obadiah kuwa likita ne da ya yi karatu a Ingila.

To, zamanin nan ƙasar Yarbawa ba ta zauna lafiya ba. Tsohuwar daular Oyo ta riga ta rushe, garuruwa na ta yaƙar juna. A 1877 aka shiga yaƙin da ya kai shekara 16, tsakanin Badun da haɗakar Ekiti da Ijesha. Ana ce masa yaƙin Kiriji, saboda ƙarar manyan bindigogin da aka yi amfani da su. Da yake Samuel ya san sarakuna da sarakunan yaƙi, yana jin Yarbanci da Ingilishi, sai ya zama ɗan aike tsakanin Alafin, da mayaƙan Badun, da gwamnan Turawa na Legas. Shi da wani limamin, Charles Phillips, suka yi ta kai da kawowa tsakanin sansanonin yaƙi har aka sa hannu kan sulhu a 1886. Wutar dai ba ta mutu gaba ɗaya ba sai 1893, lokacin da Turawan Ingila suka shigo da ƙarfinsu.

Wannan yawo ne ya ba shi damar tara labarai. Ya zauna da arokin, wato maroƙan fadar Alafin da ke riƙe da jerin sarakuna da ayyukansu a ka, kwatankwacin makaɗan fada da ƴan kirari a wajenmu. Ya tambayi tsofaffin da suka halarci yaƙe-yaƙe, ya haɗa da abin da ya gani da idonsa. Abin da ya tunzura shi, kamar yadda ya bayyana a gabatarwar littafin, shi ne ƴan boko na ƙasarsu sun san tarihin Ingila da Rum da Girka, amma na kakanninsu ko oho, ga tsofaffin da suka san shi suna ta ƙarewa. Ya kammala rubutu a 1897.

Sai dai littafin ya sha wuya kafin ya ga rana. An aika da shi Ingila don a buga, sai ya ɓace a hannun masu ɗab'i. Samuel ya rasu ran 29 ga watan Afrilu 1901 bai ga ko shafi ɗaya a buge ba. Ƙanensa Dokta Obadiah ne ya tattara guntayen takardun da ya bari, ya sake shirya littafin tun daga farko. Da aka sake aikawa a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, Jamusawa suka kama jirgin ruwan da ke ɗauke da shi, aka yi ta jira kafin takardun su dawo. Obadiah ma ya rasu a 1920. Sai a 1921 littafin ya fito a Landan, da sunan The History of the Yorubas.

Ina Gobir ta shigo? A labarin asali da Johnson ya rubuta, an ce Lamurudu, wani sarki na ƙasar Makka, shi ya haifi Oduduwa kakan Yarbawa, da sarakunan Gogobiri da Kukawa. Gogobiri ɗin nan ai Gobirawa ake nufi. Ya kafa hujja da kamannin tsagen fuska tsakanin al'ummomin. Ya kuma duba abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta kan asalin Yarbawa, wanda Baturen nan Clapperton ya samo a Sakkwato a 1824. Kun ga ke nan wasan taubasantaka da Bagobiri ke yi da Bayarabe a kasuwannin Maradi da Tibiri yana da labari a ɓangaren Yarbawa ma. Labarin gargajiya ne dai, masana tarihi na yau ba su ɗauke shi a matsayin hujjar cewa daga Makka aka taso ba. Littafin ya kuma kawo yadda Afonja, sarkin yaƙin Oyo da ke Ilori, ya yi tawaye da taimakon Malam Alimi da bayi Hausawa da suka gudo wurinsa, har Ilori ta koma ƙarƙashin Fulani.

Masana sun yaba aikin, sun kuma nuna inda ya karkata. Johnson mutumin Oyo ne, don haka da idon Oyo da Badun ya kalli tarihi, labaran Ijebu, Egba da Ekiti ba su samu fili daidai ba. Kuma a matsayinsa na limamin coci, ya ɗauki zuwan mishan da mulkin Ingila a matsayin mafita daga yaƙe-yaƙe. Duk da haka, abubuwa da yawa na ƙarni na 19 a wajensa kaɗai aka same su a rubuce, domin waɗanda suka ba shi labari sun rasu ba su bar takarda ba.

Ƴan'uwa da ke zaune a Legas ko Sabon Badun na iya neman littafin a shagunan sayar da littattafai, don ana ci gaba da buga shi da Ingilishi. Dattawanmu na Gobir da Katsinar Maradi kuwa da ke da wata ruwaya kan asalin wasan Gobirawa da Yarbawa, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, su zo mu naɗi muryarsu don masu saurare.