Sulken Sojan Rum: Tsakanin Sassaƙa da Tsatsa

Manufarmu a wannan taƙaitacciyar maƙala ita ce mu dubi yadda masana suka sake harhaɗa sulken sojan Rum, da darasin da aikin ya bar mana dangane da hujja a fagen tarihi.

Shekaru aru-aru, babbar madogarar masana ita ce Ginshiƙin Tarajan, wanda aka kammala a birnin Rum a shekara ta 113 Miladiyya domin tunawa da nasarar wannan sarki a kan mutanen Dasiya. A jikinsa an sassaƙa dakaru sanye da sulke na fallayen ƙarfe. Sai dai masassaƙin bayan sulken kawai ya nuna, abin da ke riƙe da fallayen ta ciki bai fito ba. Saboda haka siffofin da masana suka riƙa zanawa cike suke da kintace.

A shekarar 1964 aka tono wani akwatin katako a Kobrij, arewacin Ingila, wanda sojan Rum suka binne a ƙarni na 2. A cikinsa akwai sassan irin wannan sulke, duk sun yi tsatsa. Daga gare su ne H. Russell Robinson da Charles Daniels suka gano cewa maɗauran fata ne ke haɗe fallayen ta ciki, ga kuma ƙugiyoyi da maɓallai, ta yadda soja zai iya sunkuyawa ya ɗaga hannu. Robinson ya ƙera kwatankwacinsa, aka sa a jiki aka gwada, sannan ya wallafa bincikensa a 1975.

Bugu da ƙari, wani ginin tunawa da yaƙin na Dasiya da ke Adamkilisi a Romaniya ya nuna dakarun da sulken zobba, irin wanda muke gani a hawan salla, da kuma mai siffar ɓawon kifi. Ke nan kayan sojan ba bai ɗaya suke ba kamar yadda ginshiƙin ya nuna.

A nan ne mu ɗaliban adabi za mu yi hattara. Ginshiƙin Tarajan tamkar waƙar fada yake: an yi shi ne domin kambama sarki, ya zaɓi abin da zai nuna. Duk lokacin da muka nemi tarihi a cikin kirari ko waƙar yabo, wajibi ne mu auna su da wata shaida wadda ba don yabo aka tanade ta ba, ko da kuwa tsatsattsen ƙarfe ne.