Ramin Gaping Gill: shekara 53 tsakanin wanda ya fara gwadawa da wanda ya taka ƙasan ramin

1/ Yau Ingila za mu. A arewacin ƙasar, yankin Yorkshire, jikin dutsen Ingleborough, akwai wani rami da ake kira Gaping Gill. Zurfinsa wajen mita 98, tsaye cak kamar rijiya. Sannan wani rafi mai suna Fell Beck yana zubowa ciki kai tsaye. 🧵

2/ A 1842 wani ma'aikacin banki daga garin Settle, John Birkbeck, ya ce sai ya ga ƙasansa. Ya sa aka haƙa kwata aka karkatar da rafin, ya ɗaura igiya, mutane suka riƙa zura shi kamar guga. Ya kai wani tudun dutse a wajen mita 55, nan ya tsaya. Har yau da sunansa ake kiran wurin.

3/ Matsalar zura mutum da hannu ita ce rayuwarka tana hannun na sama. Ba sa ganinka, ƙarar ruwa ta hana su jin ihunka, igiya kuma tana goga da bakin dutse.

4/ Sai 1895 aka samu wanda ya ƙarasa, kuma ba ɗan Ingila ba ne. Wani lauya ne daga Faransa, Édouard-Alfred Martel. Ya zo da tsanin igiya, ga wata igiyar tsaro a jikinsa, ga wayar tarho da yake magana da na sama. A ganina tarhon nan shi ne babbar dabararsa: ya iya cewa ku saki, ku tsaya, ku ja.

5/ A ƙasa ya tarar da wani makeken kogo, tsawonsa ya fi filin ƙwallo, ruwa na faɗowa daga sama. Shi kaɗai fa, da ɗan haskensa. Ya zana taswirar wurin, ya hau ya fito.

6/ Daga nan ƙungiyoyi suka karɓi aikin. An kafa Craven Pothole Club a 1929, Bradford Pothole Club a 1933. Amma tsani kaya ne mai nauyi, rami mai zurfi sai an tara mutane da yawa don dako kawai.

7/ Wasu suka koma injin ja da igiyar ƙarfe. Shi ma ya ci rai. A 1952, a ramin Pierre-Saint-Martin da ke iyakar Faransa da Sifaniya, maƙalin igiyar ya kwance ana cikin jawo Marcel Loubens, ya faɗo. Abokansa suka kasa fito da shi, ya rasu a ciki. Sai 1954 aka fito da gawarsa.

8/ Dabarar da ta canza komai ita ce igiya ɗaya, kowa ya sauke kansa ya hau da kansa. Faransawa irin su Pierre Chevalier da Fernand Petzl sun fara gwada igiyar nailan a kogon Dent de Crolles lokacin yaƙin duniya na biyu. Eh, Petzl ɗin da kuke gani a fitilar goshi.

9/ Wajen sauka igiya tana bi ta cikin wani ƙarfe mai rage gudu. Wajen hawa akwai ƙarafa biyu masu haƙora, ɗaya a ƙirji ɗaya a hannu, suna zamewa sama amma ba sa komawa ƙasa. Ka miƙe, ka zauna, ka miƙe, kamar kwaɗo. Duk inda igiya za ta gogi dutse, sai a sake ƙulle ta a bango.

10/ Yanzu sau biyu a shekara, Bradford a watan Mayu, Craven a Agusta, ƙungiyoyin nan suna tare rafin, su kafa inji da kujera, su sauke duk mai so har ƙasa cikin kamar minti ɗaya. Tsohon barkwancinsu shi ne sauka kyauta ce, kuɗin na fitowa ne. 😅