Daga Ayari Zuwa Zangon Agege: Yadda Iyayenmu Suka Gina Amanar Aiki



Makon jiya wani abokina da ya samu aiki a wani kamfani a Ikeja ya zo mini da ɗan littafin da aka ba shi, an jera masa dokoki: kama aiki a kan lokaci, gaskiya, haɗin kai. Na karanta wa Baba, ya yi murmushi ya ce su a rumfar goro ba wanda ya taɓa rubuta musu waɗannan, amma kowa ya san su. Wannan magana ce ta sa na koma tarihi.

Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga, tafiyar watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi fice a wannan fatauci. Ayari kuwa da tsarinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke shiryawa da sarakunan hanya. Jagaba ke gaba, shi ya san hanya da inda za a ya da zango. Uban dawaki ke tattara kuɗin da za a biya a hanya, ga kuma malami mai roƙon Allah. Idan mutum ɗaya ya yi sakaci, dukiyar kowa ce a cikin haɗari, har da rayuka. To ka ga, mai karatu, hatsarin hanya ne ya koya musu cewa kowa ya riƙe aikinsa.

Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai hanyar ta sauya. An koma noman goro a ƙasar Yarabawa, har da yankin Agege, kuma ga tasha a kusa. Mutanenmu suka sauka, zanguna suka kafu. A Ibadan an kafa unguwar Sabo a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a can, ya fitar da littafi a kansu a 1969, inda ya bayyana tsarin da har yau muke ganin ɓurɓushinsa.

Ga yadda abin yake. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mahauta, a ba da shanu bashi ba tare da wata takardar kotu ba. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ke ɗaukar nauyi. Saboda haka dillalin da ya yi ƙarya sau ɗaya ya jawo wa gidan asara, kuma kafin la'asar labarinsa ya gama zango. Haka goro: huhu sai an riƙa kwancewa ana dubawa, ana cire wanda ya lalace. Yaron da ya yi kasala, goro ɗaya zai ɓata sauran.

Amma amanar ba ta gefe ɗaya ba ce. Maigida ke ciyar da yaronsa, ya yi masa aure, in ya ƙware ya ba shi jari. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da goro ya fara, yana kawo shi Ikko ta jirgin ruwa daga Ankara, kafin ya koma gyaɗa. Ƙarfinsa shi ne wakilansa da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. Da ba su riƙe amana ba, da ba a ga dalar gyaɗa ba.

Abin da na fahimta shi ne, halin wurin aiki yana fitowa ne daga abin da shugaba yake sakawa da alheri da abin da yake hukuntawa, yara na kallo suna kwaikwayo. Nan ne damuwata take. Na san saurayin da ya yi shekara tara yana tsaron shago a nan Agege, ba aure ba jari, ranar da ya tambaya aka ce ya yi haƙuri. Ya tafi, sauran yaran shagon kuma suka koyi darasi: kowa ya fara yi wa kansa tanadi a ɓoye. Iyayen gida na kukan yaran zamani ba amana, yara na kukan ba sallama.

Shawarata ga iyayenmu ita ce, tun ranar da yaro ya shigo a gaya masa a gaban shaidu shekara nawa zai yi da abin da za a sallame shi da shi. Mu kuma samari mu tuna cewa sunan da kakanninmu suka bari shi ne ya sa har yau ake ba Bahaushe kaya bashi a Kurmi.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.